Dutsen Kabarin Gagara-Mutuwa

Mu a Glen Corrie ba mu da asibiti, ba mu da banki, tashar jirgin ƙasa ma ta mutu tun ina 'yar makaranta. Amma Allah bai bar mu haka hannu wofi ba. Ya ba mu Mista Wendell Ogilvie. Marubuci. Masanin tarihi. Jikan jarumai, in ji shi. Mutumin da in ya shigo kantin Murdo Beaton sayen madara sai ka rantse gwamna ne ya zo duba lafiyar talakawa, har yakan tsaya a bakin ƙofa ya ɗan jira, ko da wanda bai gan shi ba ya samu damar ganinsa.

Bari in bayyana darajarsa, don masu ƙarancin ilimi irina. Shekarun baya an yi wani shirin talabijin mai dogon zango, na wasu mutane da ba sa mutuwa. Tun zamanin yaƙe-yaƙen tsaunukan Scotland suke yawo a duniya da takobi a ƙarƙashin doguwar kwat, suna sara juna, suna tuna matan da suka mutu suka bar su. Mijina yana son shirin, ni kuma ina guga a gefe. Da shirin ya yi kasuwa, sai kamfanin ya ɗebo marubuta su yi masa littattafai. Aka ba su doka: kada a kashe jarumin, kada a yi masa aure, a gama kafin sanyi ya shigo. Wasu suka rubuta uku, wasu huɗu. Mista Ogilvie ya rubuta ɗaya, mai suna Kukan Takobi a Kan Tsauni. A bangon littafin fuskar ɗan wasan ce ta cinye wuri. Sunan marubucin yana can ƙasa, sai ka sa tabarau ka karkata littafin wajen taga. Tun daga nan bai sake rubuta komai ba, domin a cewarsa, wanda ya faɗi komai a karo ɗaya ba ya maimaitawa.

Daga Ontario ya zo mana, bayan ya yi ritaya daga wani kamfanin inshora. Ya sayi gidan tsohuwar malamar makaranta, kuma kafin ya gama kwance kayansa ya fara koya mana tarihin kakanninmu. Mu da kakanninmu mata suka yi ta zaginmu da Gelik, harshenmu na gado, tun muna rarrafe, shi ne ya zo ya gyara mana yadda ake faɗin sunayenmu. Ya sanar da masunta yadda kakanninsu suke kamun kifi. Ya sanar da mai busa algaitar garin cewa yana riƙe ta a karkace. Kowane gida ya kai kyautar littafin da sa hannunsa, ba tare da an roƙa ba. Nawa yana nan. Na kai shafi na goma sha wani abu, na ga jarumin bai gama kallon faɗuwar rana ba, na ce to, in ya gama ya aiko mini.

Sai kwat ɗin. Baƙa ce, har ƙauri, kuma rani da hunturu ba ya rabuwa da ita. A ƙarƙashinta akwai takobi na gaske. Takobin nan ya maƙale a ƙofar mota, ya maƙale a bencin coci ana tsakiyar addu'a, ya taɓa share gwangwanayen wake gaba ɗaya daga kantar Murdo. Garin nan ba a barin mutum ba laƙabi, don haka aka sa masa Gagara-Mutuwa. Da labari ya kai masa sai ya sunkuyar da kai cikin tawali'u, ya ce jama'a ba sa kuskure wajen gane nasu.

Duk wannan mun haƙura da shi. Muna da waɗanda suka fi shi hauka, kuma namu ne na jini. Abin da ya kawo ni ga ɗaukar biro shi ne maƙabarta.

Tsohuwar maƙabartarmu tana kan tudu bayan coci, tana kallon teku. Ta cika tun tuni. Wuri ɗaya tak ya rage, a jikin shinge, gefen kabarin mahaifina Lauchie Gillis. Kowa a garin nan, har karnuka, ya san wurin mahaifiyata Effie ne. Ba a taɓa rubutawa ba, domin ba a taɓa samun marar kunyar da zai tambaya ba. Mama ta doshi casa'in. Kowace Lahadi bayan an tashi daga coci takan hau tudun nan da sandarta, ta ba Baba labarin wanda ya haihu da wanda ya sha ya faɗa rami, ta cire ciyawar kabarinsa, sannan ta cire ta wurinta, wai ba ta son ta zo ta tarar da ƙazanta.

Shugabancin kwamitin maƙabarta kuwa aiki ne da kowa ke gudu, yankan ciyawa ne da gyaran shinge. Mista Ogilvie ya karɓe shi kamar an naɗa masa sarauta. A zamansa na farko a ɗakin taron coci ya miƙe, ya dafa ƙotar takobi, ya yi jawabi.

"Ya ku mutanen Glen Corrie," in ji shi, "a babi na bakwai na littafina, wanda na san duk kun haddace, an binne jarumina a wata maƙabarta mai kallon teku, ya kuma tashi. Masu karatuna a faɗin duniya suna neman inda za su je su tsaya su yi tunani. Na yanke shawarar in ba su wurin. Na yanke shawarar in ba ku ni kaina. Dutsena zai tsaya a kan tudun nan, kuma motocin safa za su yi layi daga nan har gada."

Murdo Beaton bai ji komai a jawabin nan ba sai motocin safa. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Sauran mazan kwamitin, wanda ke da gidan mai da wanda matarsa ke ba da hayar ɗakuna, suka fara kallon silin suna lissafi. Fada Chisholm, limamin cocinmu, mutumin kirki ne, amma in ya hango rigima a titi sai ya canza hanya. Aka ɗaga hannu. Aka ba Gagara-Mutuwa wurin. Mama kuma aka ce ai akwai sarari a sabuwar maƙabarta, can bakin babban titi, bayan gidan mai, inda manyan motoci ke wucewa ƙasa na rawa.

Abin da na faɗa a ɗakin nan ba zan maimaita a rubuce ba, ɗakin coci ne. Mista Ogilvie ya bar ni na gama, sannan ya dube ni da tausayi ya ce, "Madam, na fahimci zafin zuciyarki. Amma tarihi ya fi iyali girma."

Mama ba ta je taron ba. Da suka haɗu da shi a ƙofar coci ranar Lahadi, ta ɗaga kai ta dube shi, ta ce, "Ɗan nan, na ji ka karɓi wurin. Yaushe kake shirin shiga?" Ya yi dariyar manya ya wuce. Ita ma ta yi murmushi. Amma ranar ba ta hau tudun ba, Lahadin da ta biyo baya ma haka. Ta ce gwiwa ce. Na san gwiwar Mama, ba gwiwa ba ce. Sai ta zauna bakin taga da shayinta yana hucewa, tana kallon inda ba ta zuwa.

To, a nan wajenmu kafa dutsen kabari tun mutum yana da rai ba baƙon abu ba ne. Rabin tsofaffin garin sunayensu na can a sassaƙe. Ana sa suna, a sa shekarar haihuwa, a ja ɗan layi, a bar sarari. Duk wanda ya ga sararin nan ya san mai dutsen yana gida yana cin dankalinsa. Mai sassaƙar ya tambayi Mista Ogilvie shekarar haihuwarsa don ya yi masa haka. Ya ƙi. Ya ce shekaru na masu mutuwa ne, shi ba a ƙidaya shi. Saboda haka aka kawo dutse baƙi wuluk, ya fi Fada tsawo, da takobi a sassaƙe daga sama har ƙasa, da sunansa, da wata jimla daga littafin game da iska da jini. Babu shekara ko ɗaya. Da rana ta karkata, inuwarsa sai ta rufe ɗan dutsen Baba ruf.

Wani matafiyi da ya tsaya shan iska ya ɗauki hoton dutsen ya sa a intanet. Mista Ogilvie ba ya taɓa intanet, ya ce wurin 'yan gulma ne da marasa alƙalami. Ba a daɗe ba sai Murdo ya zo da albishir: ƙungiyar masoya shirin nan ta buga waya kantinsa, suna tafe da safa guda cike, tsakiyar rani, musamman don su girmama marubucin. Gagara-Mutuwa ya karɓi labarin ba tare da mamaki ba. Ya ce ya yi tsammanin za su fi haka sauri. Mu matan coci aka ce mu tanadi shayi da burodi da kifi da biskit, kuma ni ce shugabar matan, don haka da hannuna na yanka burodin bikin ƙwace wa uwata kabari. Na yanka shi da kauri, yadda raina yake.

Ranar ta zo da zafi irin wanda kwalta ke narkewa. Mama ta ba ni mamaki, ta ce a ɗauko mata kujerar naɗi, ba za ta bari baƙi su tattake Lauchie ba mai ido a kai ba. Muka zaunar da ita gefen kabarinsa. Shi kuwa mai girma tun da hantsi yake tsaye jikin dutsensa cikin baƙar kwat, hannu a kan takobi, haɓa a sama, gumi na bin wuyansa, aljihu cike da takardun jawabi.

Safa ta tsaya. Ƙofa ta buɗe. Mutum na farko ya sauko cikin doguwar baƙar kwat da takobi. Na biyu ma haka. Na uku mace ce mai furfura, ita ma haka. Wajen mutum arba'in, maza da mata, masu tumbi da masu sanƙo da mai tafiya da sandar ƙarfe, kowa da baƙar kwat har ƙauri, kowa da takobi. Suka hau tudun a hankali, a jere, da furanni a hannu. Kafin ka ce me, sun kewaye dutsen, kuma mutumin da ya shekara goma ba shi da na biyu a Glen Corrie ya ɓace a cikinsu. Ni da na san shi sai da na neme shi.

Ya yi gyaran murya. Wata mata ta juyo ta sa yatsa a baki. Ya sake gyaran murya, ya zaro takardunsa, wani ya raɗa masa cewa a girmama wurin mana. Sai shugabarsu, wata gajeriya mai fara'a daga Ohio mai suna Darlene, ta matso gaban dutsen, ta share hawaye, ta fara magana. Nan ne na gane abin da ya kawo su, na kuma dubi Murdo, na ga yana nazarin takalminsa. Ya sani tun ranar wayar. Ya ji kalmar marigayi da kunnensa, ya auna ta da safa guda ta masu saye, ya ja bakinsa.

"Ba mu taɓa haɗuwa da shi ba," in ji Darlene, "amma babu marubucin da ya haɗa kanmu kamarsa. Littattafan nan da yawa suna da kyau, mun karanta mun manta. Nasa ba ya mantuwa. Wa zai manta dokin da ya shiga daji baƙi ya fito fari, ya isa gari ya zama goɗiya? Wa zai manta mai masaukin da aka kashe a babi na uku, ya dawo yana raba miya a babi na tara, alhali shi ba ya cikin marasa mutuwa? Kowace shekara a taronmu muna zama a da'ira mu karanta shi da ƙarfi, wanda ya fara dariya ya fita. Har yau ba a samu wanda ya wuce babi na huɗu ba. A wurin karatun nan na haɗu da mijina, duk mu biyun an kore mu a shafi ɗaya. Shi ne littafi mafi muni a jerin gaba ɗaya, kuma muna ƙaunarsa da zuciya ɗaya. Allah ya ji ƙanka, Wendell."

Suka amsa da amin. Wasu na kuka, wasu na dariya, yawancinsu duka biyun. Aka zare takubba aka ɗaga sama. Aka buɗe kwalbar wiski aka tsiyaya a gindin dutsen.

Fuskar Mista Ogilvie ta bi launuka kamar dokin nan nasa. Ya kutsa gaba, ya buɗe ƙirji, ya ce, "Ni ne Wendell Ogilvie."

Wani ƙato mai gemu ya dafa kafaɗarsa cikin ƙauna, ya ce masa yau kam dukkanmu Wendell ne, kawu. Ya ƙara da cewa shigar ta yi kyau, sai dai marigayin, in aka duba hotonsa a bayan littafi, yana da gashi kuma ya fi shi tsawo. Kafin ya sake buɗe baki Darlene ta danƙa masa wayarta, ta ce, "Baba, taimaka ka ɗauke mu. Ka ɗan ja baya, dutsen ya fito gaba ɗaya."

Ya tsaya da wayar a hannu. Ya dube ni, ya dubi Murdo, ya dubi Fada, wanda ya sami wani abu mai ban sha'awa a can cikin teku. Sannan ya ja baya, ya ɗauke su. Suka ce a ƙara ɗaya, wani ya rufe ido. Ya ƙara.

Darlene ta lura da Mama a kujerarta, ta durƙusa gabanta ta kama hannunta, ta tambaye ta ko ta san marigayin.

"Na san shi, 'yar nan," in ji Mama, idonta a kansa. "Tun da ya zo garin nan ban taɓa jin ya yi shiru irin na yau ba."

Darlene ta ce wannan magana ta taɓa mata zuciya.

Baƙin nan mutanen kirki ne, ba zan ɓoye ba. Sun cinye burodina mai kauri sun ce ba su taɓa cin irinsa ba. Sun wawushe kantin Murdo har da kalandar bara. Amma sun bar tudun kamar an yi kokawa a kai: ciyawa a kwance, shinge a karye inda ƙaton nan ya jingina, warin wiski a kan kakanninmu, sawun takalmi a kan Baba. Suna hawa safa suna alkawarin cewa rassan ƙungiyar na sauran garuruwa ma suna tafe, kowace Asabar har ƙarshen rani, da baɗi, da baɗin baɗaɗa.

Kwamiti ya zauna cikin makon. Mista Ogilvie ya shigo da niyyar sanar da duniya cewa yana raye, a jarida, a rediyo, ko'ina. Murdo ya ja kujera kusa da shi, ya yi masa magana a hankali kamar yadda yake lallashin mai son mayar da kaya. Ya ce masa ya yi tunani da kyau. Ba mai hawa safa ya keta ƙasa don ya ga tsohon ma'aikacin inshora yana sayen madara. In ya tashi daga matattu, safa za ta daina zuwa, kuma abin da zai rage masa shi ne ya zama mai littafin da ake yi wa dariya, a raye, ana iya buga masa waya a tambaye shi batun doki. In kuwa ya zauna yadda yake, ga furanni, ga hawaye, ga takubba a sama. Fada Chisholm, wanda karyewar shingen ta ba shi ƙarfin halin da ban san yana da shi ba, ya ce ko a raye ko a mace, dutsen nan zai bar ƙasa mai tsarki. A kai shi wajen ƙofar maƙabarta, inda safa ke tsayawa, a yi ta kaɗa takobi a can.

Mista Ogilvie ya ce to ko da an ɗauke dutsen, wurin dai nasa ne, kwamiti ya ba shi. Sai ga muryar Mama daga bayan ɗaki. Ban ma san ta sa maƙwabciya ta kawo ta ba.

"Ɗan nan, an riga an yi maka taka jana'izar," in ji ta. "Ina wurin. An yi kuka, an yi addu'a, an ci burodi. Mutum ɗaya ba ya cin jana'iza biyu a gari ɗaya. Ni ba a yi mini tawa ba tukuna."

Aka ɗaga hannu. Hannuwan da suka ba shi wurin su ne suka mayar wa Mama, kuma babu wanda ya ji kunya, maza ne. Murdo ya ƙara sharaɗi ɗaya, don amfanin gari: ranar da safa ke zuwa, marigayin ya zauna a gida.

Na ɗauka nan zai karye. Ina. Ya miƙe a hankali, ya gyara kwat, ya dafa takobi.

"Kun riga ni faɗin abin da na daɗe da tsarawa," in ji shi. "Duk wanda ya karanta littafina da idon basira ya san marar mutuwa dole wata rana ya bar duniya ta ɗauka ya mutu, ya ɓuya cikin talakawa, yana kallon masu makokinsa daga nesa. Zamani bai shirya mini ba. Na yafe masa. Wurin kuwa, na ba tsohuwa kyauta."

Mama ta ce ta gode, Allah ya kai haske kabarinsa.

Dutsen yanzu yana bakin ƙofa, tsakanin inda safa ke juyawa da durom ɗin shara, kuma kullum da sabbin furanni. Murdo ya faɗaɗa kanti. Gwiwar Mama ta warke. Ranar Lahadin nan na raka ta tudun, na ji tana gaya wa Baba cewa maƙwabcin da aka kawo masa ya tashi, ya ci gaba da riƙe mata wurinta, amma kada ya sa rai da wuri, tana da abin kallo a gari.

In ka bi ta gaban gidan tsohuwar malama ranar Asabar, za ka ga labule a ja, da 'yar kafa a tsakiya daidai faɗin ido ɗaya. Kada ka ɗaga hannu, kwamiti ya hana. In gaisuwa kake so ka yi wa babban marubucinmu, masanin tarihi, jikan jarumai, Gagara-Mutuwa na Glen Corrie, ka zo wata rana. Yana nan da ransa daga Lahadi zuwa Juma'a.